Mai Karatu Ba a Gadonsa, Nemansa Ake Yi

Jawabin da kwamitin jaridar reshe ya gabatar a babban taron ƙarshen zango. Mun buga shi dungurungum saboda 'yan uwan da ba su samu halarta ba.



Kamar yadda kuka ji daga bakin sakatare, akwai shawara a gaban wannan taro cewa a dakatar da buga jaridar reshe, a mayar da kuɗinta asusun taimakon marasa lafiya. Waɗanda suka kawo shawarar sun yi gaskiya a abu guda, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi: jaridar nan ba a karanta ta. Mun zagaya makarantu mun gani da idonmu. Mun tarar da ƙunshinta a saman kabad ɗin shugaban makaranta ko igiyar ba a kwance ba. Mun ga an yi wa rajista bango da ita. Ɗayanmu ya sayi ƙosai a bakin tasha, aka naɗe masa a cikin sharhin da shi da kansa ya kwana yana rubutawa. Kuɗin da ake buga ta kuwa daga albashinku ake cire shi kowane wata, don haka kuna da haƙƙin tambaya.

Abin da ya fi damunmu shi ne labarin wata 'yar uwarmu da ke koyarwa a wani ƙauye mai nisa da hedikwata. An yi aikin tantance malamai, ba ta je ba, aka tsayar da albashinta, ta yi watanni tana safa da marwa kafin a sake shi. Mun buga sanarwar tantancewar, amma a ina? A shafi na ƙarshe, ƙarƙashin saƙonnin taya murna. Da muka tambaye ta, sai ta ce jaridar ta iso hannunta, ta duba shafin farko ta ga hotunan manya suna gaisawa, ta ɗauka babu nata a ciki, ta ajiye. Laifin wa ke nan? Mu malamai ne. Idan aji guda ya faɗi jarrabawa, mai duba makarantu ba ɗalibai yake tuhuma ba, shirin darasin malami yake cewa a kawo masa. Yau namu shirin darasin muka kawo muku, tare da gyaran da muke son yi masa.

Kafin mu faɗi gyaran, bari mu waiwayi wani malami irinmu da ya taɓa fuskantar wannan tambaya, ya kuma amsa ta. Abubakar Imam, haifaffen Kagara a 1911, malami ne a Makarantar Midil ta Katsina lokacin da littafinsa Ruwan Bagaja ya yi fice a gasar rubutun ƙagaggun labarai ta 1933. Daga nan aka kira shi Zariya ya rubuta Magana Jari Ce. A watan Janairun 1939, da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo ƙarƙashin kulawar Dokta Rupert East, shi aka ɗora a kan kujerar edita. Mu tuna halin da ake ciki a lokacin. Masu karatun boko a Arewa 'yan ƙalilan ne, hanyoyin kai jarida ba su da kyau, kwabo kuma kuɗi ne da mutum zai yi tunani kafin ya rabu da shi. Ban da haka, jaridar gwamnatin mulkin mallaka ce, an kafa ta da manufa, musamman don kashe jita-jitar da ke yawo a jajibirin Yaƙin Duniya na Biyu cewa za a miƙa ƙasar ga Jamus. Duk dalilan da za su sa mutane su yi mata kallon hadarin kaji sun cika. Amma sai ga shi sunanta ya zama sunan jarida a bakin Bahaushe.

Me Imam ya yi? Mun ga abubuwa huɗu. Ya ba mutane labarin abin da ke hana su barci, wato yaƙin da aka kwashi 'ya'yansu zuwa Habasha da Bama. Ya rubuta shi da Hausar da za a karanta da ƙarfi a zaure ko a gindin bishiya, wanda bai je makaranta ba ya gane, shi ya sa kofi ɗaya kan wadatar da dandali guda. Ya buɗe filin wasiƙu, inda malamai da ma'aikatan En'e da sojoji suka riƙa rubuto damuwarsu, har shafin ya zama fagen muhawara kan halin da Arewa ke ciki. Sannan ba a manta da waɗanda karatunsu na allo ne ba, aka riƙa fitar musu da 'Yar Gaskiya da ajami. Wato dai an tafi wurin mai karatu, ba a zauna jiran ya zo ba.

Akwai kuma gargaɗi a cikin tarihin. A shekarun 1950, lokacin Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA ta fitar da jaridun larduna: Sodangi a Kano, Himma a Katsina, Zaruma a Sakkwato, Zumunta a Bauci da sauransu. Da aka rushe hukumar a 1959, galibinsu sun bi ta. Jaridar da kuɗin ofis kaɗai ke riƙe da ita, ranar da ofis ya janye hannu ranar take mutuwa. Tamu ma a kan wannan siraɗi take yau, domin da masu karatu sun riƙe ta, da ba wanda zai iya miƙewa a taro ya ce a rufe ta.

To, ga abin da muke so mu sauya.

Na farko, kuma mafi girma, shafin gaba zai koma hannun malami. Kowane bugu zai ɗauki tambaya guda daga cikin waɗanda ake yi a ofishin malamai lokacin tara, ya warware ta tun daga tushe. Misalai suna da yawa. A 2022 an sa hannu kan dokar da ta ɗaga shekarun ritayar malamai zuwa 65 na haihuwa ko 40 na aiki, maimakon 60 da 35. Malami nawa ne a cikinmu zai iya faɗin inda maganar ta tsaya game da shi, da takardun da ake nema daga wanda ke son ci gaba? A watan Yulin 2024 mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000. Yaya wannan ya shafi wanda ke mataki na 7, yaya ya shafi na mataki na 12? A wannan watan ne kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, alhali albashin malaman firamare daga wannan kaso yake fita. Waɗanda suka ga zamanin da malamin firamare kan yi watanni ba albashi sun san dalilin da ya sa gabanmu ya faɗi. Haka dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci ya zuba aƙalla kashi 8 cikin 100, wanda ya ɗauke shi aiki ya zuba 10, amma kowace jiha da tsarin da take bi, kuma da yawanmu sai ritaya ta ƙarato muke fara tambaya. Ga rajistar TRCN da sabunta lasisi, ga ƙarin girman da ake samu a takarda ba a gani a aljihu. Duk waɗannan muna jin su ne gutsi-gutsi a saƙonnin waya, rabi gaskiya rabi ƙari. Aikinmu shi ne mu je ofishin da abin ya shafa, mu ga takardar da idonmu, mu dawo mu bayyana ta da Hausar da ba ta bukatar tafinta. Kanun labarin ma zai fito fili. Maimakon mu rubuta "Sanarwa ta Musamman", za mu rubuta ranar tantancewa da wurin da abin da za a zo da shi.

Na biyu, za mu bi kalandar makaranta kamar yadda manhaja ke bin ta. Ba a koyar da darasin shuka bayan an yi girbi. Bugun farkon shekarar karatu zai yi maganar ɗaukar sababbin ɗalibai da canjin wurin aiki da shirin Ranar Malamai ta Duniya, 5 ga Oktoba. Na tsakiya zai fuskanci cike takardun ƙarin girma. Na zango na uku zai yi maganar jarrabawa da haƙƙin masu sa ido da masu maki, da kuma rufin azuzuwa kafin damina ta sauka. Tun farkon shekara za mu manna wannan jadawali a kowace makaranta, domin mai abin faɗa ya san lokacin da zai aiko.

Na uku, shafin aji. A cikin ɗakin nan akwai malamar da ta gano yadda ake sa yaron aji biyu ya bambance ƙ da k, da ɗ da d, cikin mako guda. Akwai wanda ke koyar da lissafi da murafan kwalba da tsinken tsintsiya, a ajin da ya cika har bakin ƙofa. Wannan ilmi yana tafiya ritaya tare da masu shi. Muna son kowane bugu ya ɗauko dabara ɗaya da aka gwada a ajin gaske, da sunan mai ita idan ya yarda. Wanda rubutu ke yi masa nauyi, za mu zo mu zauna da shi, ya faɗa mu rubuta.

Na huɗu, iyali. Jaridar nan gida take kwana, kuma albashin malami ba shi kaɗai ke jiransa ba. Mun ga matan abokan aikinmu da suka rasu suna yawo ofis-ofis ba su san takardar da za su fara nema ba. Za mu buga jerin takardun nan dalla-dalla, mu maimaita shi kowace shekara, mu roƙi kowa ya ajiye shi inda iyalinsa suka sani. Za mu kuma ware wa yara kusurwa ta tatsuniya da kacici-kacici da karin magana. Wanda ya ga yadda littattafan adabin kasuwar Kano suka shiga ɗakunan mata tun daga shekarun 1980 ya san cewa mutanenmu ba ƙin karatu suke yi ba. Abin da ba ya magana da su ne suke ƙi.

Na biyar, filin wasiƙu, kuma a nan ne muke neman haƙurin shugabanni. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Za mu buga koke ko da a kan reshe ne, ko da a kan wannan kwamiti ne, mu kai shi ga wanda ya dace, mu buga amsarsa a gefe. Idan ba a ba da amsa ba, za mu rubuta cewa mun tambaya ba a amsa ba. Wanda ke tsoron a yi masa canjin wurin aiki na horo, za mu sakaya sunansa, amma dole kwamiti ya san shi. Ba za mu buga zagi ba, ba za mu buga zargin da ba hujja ba, kuma idan mun yi kuskure za mu gyara shi a shafin da muka yi shi. Kada wannan ya ba kowa tsoro. Wannan ƙungiya tun 1931 take, kuma lokacin da Malam Aminu Kano da abokansa suka haɗa kan malaman Arewa a 1948, don malami ya samu bakin magana suka yi. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Duk wannan yana bukatar fili, filin kuwa sai an rage wani abu. Hotunan bukukuwa za su koma shafi guda a ciki. Jawaban bayan taro za mu taƙaita su zuwa abin da aka zartar. Saƙonnin taya murna za su bi bayan sanarwa, ba gabanta ba. Mun san wasu ba za su ji daɗi ba, mu ma akwai dogayen sharhunanmu da za su sha almakashi.

Saura maganar isarwa. Jarida za ta riƙa fita a rana sananniya, mako na uku na kowane zango, ko shafi huɗu ne kawai muka samu, domin mai karatu kamar ɗalibi ne, idan malami yau ya zo gobe bai zo ba, shi ma sai ya daina zuwa. Wakilin kowace makaranta zai karɓa ya sa hannu, ya miƙa wa kowa hannu da hannu, makarantun nesa su ne farko. Muna roƙon shugabannin makarantu su ba da minti goma a taron malamai a karanta shafin gaba da ƙarfi, kamar yadda kakanninmu suka yi da Gaskiya.

Ta yaya za ku san ko mun yi nasara? Kada ku auna mu da yawan kofin da maɗaba'a ta buga, wannan rasit ne kawai. Ku auna mu da wasiƙun da suka dawo, da yawan makarantun da suka aiko da rubutu, da kuma ko an sake samun wanda albashinsa ya tsaya saboda bai ji sanarwa ba. Za mu buɗe rajista kan waɗannan, mu karanta muku ita a kowane taro.

Roƙonmu shi ne a ba mu zango uku. Asusun marasa lafiya abu ne mai kyau, ba ma jayayya da shi, kuma za mu rage shafuka domin rarar ta tafi can tun yanzu. Idan shekara ta zagayo muka tarar da ƙunshin jarida a saman kabad igiya ba a kwance ba, mu da kanmu za mu miƙe a wannan ɗaki mu goyi bayan a rufe ta. Kafin nan, akwai takarda da biro a teburin bakin ƙofa. Kowa ya rubuta mana tambaya ɗaya da yake son ganin amsarta, ko ba suna. Daga cikinsu za mu zaɓi shafin gaba na bugu mai zuwa.