Korona ta lafa, amma wa zai biya kuɗin magani gobe?



Ranar 19 ga Maris 2020 aka gano mutum na farko mai korona a Yamai. Allurar rigakafi ta zo kyauta, gaskiya ne. To amma ɗan kabu-kabun da tari da zazzaɓi suka kama fa? Kafin a san mi ke damunsa, shi zai biya ganin likita, ya sayi ordonanse. Babu inshora, babu mutuwel. Sai ya sha parasetamol ya koma kan babur, yana ɗaukar fasinja yana raba musu cutar. Kun ga rashin inshorarsa ya shafi kowa.

Tun 2006 yara ƴan ƙasa da shekara 5 da mata masu haihuwa ta tiyata na da kulawa kyauta. Sauran jama'a fa? A Abuja, a 2001, shugabannin Afirka sun yi alkawarin ba kiwon lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi. Mu tambaye su inda aka kwana.

Mata Masu Dubara sun nuna mana tun 1991 cewa ƙaramin zubi na kowane sati yana tara asusu. Kowace fada ta buɗe nata asusun lafiya, mu kuma matsa wa gwamnati ta sa cututtuka masu yaɗuwa cikin inshorar kowa.