Masanin Itatuwa a Kujerar Jami'ar Sufuri

Jawabin da aka gabatar a taron ɗalibai 'yan ƙasar Daura

 

Abin da ya tsayar da mu a gabanku yau shi ne aikin mutum guda da tunanin da ya jawo mana. Farfesa Umar Adam Katsayal ya yi shekaru a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya yana koyarwa da bincike a fannin magungunan da ake samu daga itatuwa da tsirrai. Watau aikinsa shi ne ya ɗauki saiwa ko sassaƙe ko ganye irin wanda kakanninmu ke jiƙawa, ya kai ɗakin gwaji, ya rarrabe mai amfani da mai cutarwa. Garin da yake amsa sunansa, Katsayal, yana ƙasar Sandamu ne, cikin masarautarmu. Shi aka naɗa shugaba na farko na Jami'ar Sufuri ta Tarayya da ke Daura, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya aza harsashinta a watan Disamba na 2019, kamfanin CCECC na ƙasar Sin ya gina, sa'an nan aka kafa ta da doka a 2023.

Da jin wannan naɗi wasunmu suka yi ta tambaya, me ya haɗa mai sassaƙe da layin dogo? Wasu kuwa tsoronsu daban ne. Sun san yadda kujera ke cinye malami: yau taron majalisa, gobe tafiya Abuja neman kuɗi, jibi rikicin wuta da ruwa a ɗakunan kwanan ɗalibai, har ɗakin gwaji ya yi ƙura. Lalle wannan tsoro yana da tushe, domin samun shugaba ya fi samun masanin saiwa sauƙi a ƙasarmu. Amma dai mu muna ganin haɗuwar nan ta zo a kan gaɓa, in har mun san abin da za mu roƙa.

Ku dubi inda jami'ar take. Daura tana bakin iyaka da Nijar, damina gajera ce, ƙasar kuwa jigawa ce wadda iska ke kwashewa da zarar an tsiraita ta. Iyayenmu ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba. A ƙarshen shekarun 1980 aka shigo da shirin dashen itatuwa na Jihar Katsina da taimakon ƙasashen Turai, aka kafa shingayen darbejiya da turare don tare iska. Sun yi amfaninsu, ba mu musu. Sai dai darbejiya baƙuwa ce daga Indiya, kuma ba ta maye gurbin maɗaci ko marke ko kirya a tukunyar magani. Kowace mai jego a ƙauyukanmu ta san sabara. Tsofaffin da ke saƙar magani su ne shaida cewa icen da dā ake samu a bayan gari, yanzu sai an yi doguwar tafiya, in an same shi ma an feɗe shi har ya bushe a tsaye. Ilmin da Farfesa ya yi rayuwarsa a kai ba ya tsayuwa sai da daji, dajin kuwa yana shiga murhu da buhun gawayi.

Yanzu ga layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a watan Fabrairu na 2021, kilomita 280 da 'yan kai, ya biyo ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Muna maraba da shi. Amma katafila ba ta san tsamiya da kuka ba, kuma injiniyan da ba a koya masa darajar ice ba, a wurinsa duk abin da ke kan hanya cikas ne. Injiniyoyin da za su shimfiɗa hanyoyin gobe a jami'ar nan ake renon su, kuma ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Abin sha'awa, inda layin zai ƙare can darasin yake. A ƙasar Maraɗi, daga 1983, wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa tsiron da manoma ke sarewa kowace bazara kututturen itatuwa ne masu rai a ƙarƙashin ƙasa. Aka shiga barin reshe biyu ko uku masu ƙarfi, a rage sauran. Shi ake kira sassaben zamani. An ƙiyasta cewa ta haka Nijar ta farfaɗo da hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200, ba da dashe ko ban ruwa ba. Duk wanda ya ƙetare Kwangwalam ya nufi Matamai ya ga gonakin gawo. Gawo kuwa, kamar yadda kuka sani, da damina yake zubar da ganye, don haka ba ya hana gero rana, ga taki, ga 'ya'yansa abincin dabbobi da rani. Waɗannan fa 'yan'uwanmu ne, harshe ɗaya, ƙasa iri ɗaya.

Saboda haka roƙonmu ga Farfesa da majalisar jami'ar shi ne kada wani ɗalibi ya karɓi digiri bai san sunayen itatuwan da zai tarar a kan hanyarsa ba, da yadda ake ƙidaya su kafin a sare, da yadda ake mayar da su bayan an gama aiki. A keɓe fili a harabar jami'ar a reni itatuwan ƙasarmu, kowanne da sunansa na Hausa a jikinsa, a kuma gayyato tsofaffin masu magani su faɗi abin da suka sani a rubuta tun suna raye. Wannan na ƙarshe ya fi gaggawa, domin yawancinsu sun manyanta, 'ya'yansu kuma mu ne, mun tafi boko.

Namu aikin ba ya jiran izinin kowa. A hutun nan kowannenmu ya zauna da dattijo ɗaya na garinsu, daga Baure zuwa Zango, daga Mai'aduwa zuwa Sandamu, ya rubuto sunayen itatuwan da suka ɓace da waɗanda suka rage. Sakataren ƙungiya zai tattara takardun idan mun dawo, mu miƙa wa jami'ar da hannunmu.