Abin da Birni Zai Je Nema a Abuja: Lacca ga 'Yan Kasuwa da Sauran Talakawa

Mun sani da yawanku sun rufe rumfa da wuri, waɗansu kuma sun bar yara a bakin kaya, sabo da haka ba za mu cika ku da surutu ba.

Maganarmu ta yau a kan hukumar birnin Kano ce, da abin da ya kamata ta je nema wurin Gwamnatin Tarayya da Majalisar Ƙasa. In mun ce hukumar birni, watau muna nufin ƙananan hukumomin nan takwas da su ke riƙe da birni da kewaye: ta Birni, da Dala, da Gwale, da Fagge, da Nassarawa, da Tarauni, da Kumbotso, da Ungogo.

Wani zai ce, ina ruwan mai sayar da daddawa da Abuja? To, ku saurara. Tsarin Mulki na 1999 ya lissafa aikin ƙaramar hukuma: kasuwa, da tashar mota, da kwata, da bayan gida na jama'a, da kwasar shara, da magudanan ruwa, da maƙabarta, da rajistar haihuwa. Har wa yau tana da hannu cikin sha'anin firamare da asibitin unguwa. Duk abubuwan da talaka ya ke takawa kullum ke nan. Amma ina kuɗin yin aikin? A zamanin En'e haraji da jangali ne ke cika Baitulmali. A 1976 aka sake tsarin ƙananan hukumomi, a 1979 kuma aka soke haraji da jangali a Kano, talaka ya huta. Yanzu mafi yawan kuɗin ƙaramar hukuma daga Asusun Tarayya ya ke fitowa. Bisa tsarin da a ke bi tun zamanin Obasanjo, cikin ko wace Naira 100 da za a raba, Gwamnatin Tarayya na ɗaukar Naira 52 da kwabo 68, jihohi Naira 26 da kwabo 72, sa'an nan ƙananan hukumomi 774 su raba Naira 20 da kwabo 60. Arba'in da huɗu daga cikinsu na Jihar Kano ne. Ashe kuwa aikin yana ƙofar gidanmu, amma kuɗin da dokar rabonsa suna Abuja.

Ku 'yan kasuwa ne, kun san ba a tafiya sarin kaya Ikko ko Onica da hannu biyu kawai. Sai mutum ya zauna ya rubuta abin da ya ƙare a rumfa, ya sa wanda ya fi ciniki a sama, don kada kuɗi su ƙare a kan tarkace. To, muna tambaya, wa ya taɓa ganin irin wannan takarda manne a ƙofar sakatariya, an rubuta, ga abin da birni ya ke nema a Majalisa bana, na ɗaya kaza, na biyu kaza? Muna da wakilai 24 daga Jihar Kano cikin Majalisar Wakilai mai mutum 360, da sanatoci 3 cikin 109. In ba a aike su da saƙo ba, ko wannensu abin da ya ga dama zai kawo mana, mu kuwa ba mu da bakin cewa ba shi muka aika ba.

Wannan ba baƙon abu ba ne a duniya. A Amurka, shekarar 1932, sa'ad da kasuwa ta karye, aiki ya ƙare, yunwa ta shiga birane, magajin garin Ditiroit, Frank Murphy, ya tara 'yan'uwansa magadan gari, suka haɗa baki, suka kai kuka Washinton da murya ɗaya. A wannan shekara majalisarsu ta yi dokar da ta ware dala miliyan 300 ta agaji, ƙungiyar magadan garin kuwa tana nan har yau. Birane da yawa a can ko wace shekara su kan rubuta jerin bukatunsu ga gwamnatin tarayya, majalisar gari ta amince a gaban jama'a. Mu ma shugabannin ƙananan hukumominmu suna da ƙungiya, ALGON, tun 1999. Abin da ya rage shi ne takarda.

To, ga abin da mu ke so a rubuta, kuma ga yadda mu ke so a jera shi.

Na ɗaya, kuɗin ƙaramar hukuma ya shiga hannunta kai tsaye, a kuma rubuta haka cikin Tsarin Mulki. Sashe na 162 shi ya kafa asusun haɗin gwiwa tsakanin jiha da ƙananan hukumomi, watau kuɗi su fara sauka hannun jiha tukuna. Ran 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye, ta kuma ce shugabannin riƙo da gwamna ya ke naɗawa ba sa bisa doka. Aka yi ta murna. Amma shekara ta zagayo, a Yulin 2025, yawancin ƙananan hukumomi ba su fara karɓa kai tsaye ba. Gyaran Tsarin Mulki kuwa yana bukatar kashi biyu cikin uku na ko wace majalisa ta tarayya, da yardar majalisun jihohi 24 cikin 36. A 2022 Majalisar Ƙasa ta amince da wannan gyara, da ya je majalisun jihohi sai ya kasa samun 24 ɗin. Sabo da haka ba Abuja kaɗai za a matsa ba, har da ɗan majalisar jiha da mu ke haɗuwa da shi wurin suna da ɗaurin aure.

Mun san abin da ke ranku. Za ku ce, ai ciyaman ma mutum ne, in kuɗi suka shigo hannunsa shi ma zai ci. Malaman firamare kuma ba su manta da shekarun da albashinsu ya koma hannun ƙananan hukumomi aka yi watanni ba a biya su ba. Wannan tsoro gaskiya ne, ba mu raina shi ba. Don haka mu ke so dokar ta zo da sharuɗɗa biyu: a fara cire albashin malamai da na ma'aikatan asibiti kafin a taɓa ko kwabo, a kuma tilasta wa ko wace ƙaramar hukuma ta manna lissafin abin da ya shigo da abin da ya fita ko wane wata, da Hausa, inda kowa zai gani. Ciyaman a cikinmu ya ke kwana, mun san gidansu, muna iya tare shi mu tambaye shi. Wa zai tare asusun haɗin gwiwa?

Na biyu, a yi ƙidaya, a kuma gyara ma'aunin rabo. Cikin abin da a ke raba wa ƙananan hukumomi, kashi 40 cikin ɗari raba-daidai a ke yi, kashi 30 ne kaɗai bisa yawan jama'a, saura kuma bisa faɗin ƙasa da waɗansu abubuwa. Ƙaramar hukumar cikin birni ba ta da faɗin ƙasa, jama'a gare ta. Rabon ƙasar nan da ƙidaya kuwa tun 2006, wadda aka shirya yi a 2023 an ɗaga ta. Yaron da aka haifa bayan waccan ƙidaya yau shi ke tura baro a Sabon Gari. Ku dubi Rijiyar Zaki, da Ɗorayi, da Sheka, da Rimin Kebe, ku tuna yadda su ke a 2006. Ga kuma dubban baƙi da su ke wuni a Kwari da Kurmi, su sha ruwan birni, su bar shararsu, su koma garuruwansu da yamma. Muna maraba da su, da su kasuwa ta ke ci, amma ma'aunin rabo bai san da zamansu ba. Ba mu ce a rage wa ƙauye ba, 'yan'uwanmu ne, kuma daga can hatsi ya ke zuwa. Cewa muka yi a ɗebo daga Naira 52 ɗin nan ta sama.

Na uku, harajin sayen kaya, wanda a ke kira VAT, Naira 7 da kwabo 50 cikin ɗari. Sababbin dokokin haraji da aka sa wa hannu ran 26 ga Yuni, 2025, sun ba ƙananan hukumomi kashi 35 na wannan haraji, sun kuma ce kashi 30 na rabon a yi shi bisa wurin da aka yi amfani da kayan. Nan ne sai mun buɗe ido. Kamfani yana da babban ofis a Ikko, amma katin wayarsa da lemonsa da taliyarsa a nan a ke saye. In takarda ba ta nuna a Kano aka sha ba, rabonmu ya tafi wani wuri. Wakilanmu su tsaya sai an tilasta wa kamfanoni su rubuta cinikinsu jiha-jiha, a kuma buga lissafin kowa ya gani.

Na huɗu, sa'an nan mu zo kan aiki, kuma aiki biyu ne rak: ruwa da wuta. A watan Maris na 2016 gobara ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari. A Agustan 2022 ambaliya ta shiga Kantin Kwari, ta jiƙa atamfa da shadda na maƙudan kuɗi. Cikinku akwai waɗanda har yau ba su farfaɗo ba. Akwai asusun gyaran muhalli da a ke ware wa kuɗi daga Asusun Tarayya sabo da ambaliya da zaizayar ƙasa. Ƙananan hukumomin nan takwas su haɗu su kai tsari guda na manyan magudanan ruwa, daga Jakara har inda ruwan ya ke fita, gama ruwan sama bai san iyakar Fagge da Dala ba. Su kuma nemi tashar 'yan kwana-kwana da tankin ruwa a ko wace babbar kasuwa, da hanyar da motar kashe gobara za ta iya shiga.

Na biyar, kuɗin da doka ta riga ta ba mu. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya don firamare da ƙaramar sakandare, amma sai jiha ta ajiye nata kason kafin a sakar mata. Dokar lafiya ta 2014 ta ware kashi 1 don asibitocin unguwa. Wannan ba roƙo ba ne, bin bashi ne. Abin da mu ke so shi ne a faɗa mana ko wace makaranta da ko wane asibiti nawa ya samu.

Kun lura doka muka sa a gaba, aiki a baya. Dalili kuwa shi ne, aikin mazaɓa na shekara guda ne, doka kuwa tana biya ko wane wata. In an kawo mana keken ɗinki ko babur ko fitilar titi mai hoton wani, mu karɓa, kuɗinmu ne. Amma kada a ba mu su a madadin abubuwan nan biyar.

To, mene ne namu? Kasafin kuɗin tarayya wajen ƙarshen shekara a ke kai shi Majalisa, wanda ya kai kukansa bayan an rufe littafi ya makara. Sabo da haka tun da damina ko wace ƙungiyar kasuwa, 'yan kwari da 'yan hatsi da mahauta da masu tebur, ta zauna ta tura mutum biyu wurin kansilanta. Ku ce masa muna son majalisar ƙaramar hukuma ta zauna a fili ta amince da jerin bukatu, a ba ko wane wakili da sanata kofi a hannu, ya sa hannu ya karɓa. In shekara ta zagayo a kira su su faɗi wanne suka gabatar, wanne aka samu, wanne ya faɗi, kuma wa ya kā da shi. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke yoyo, amma sai ya faɗa za a kawo jinka.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa na rumfa. Ku ajiye wannan jarida, ran da mai neman ƙuri'a ya zo, ku buɗe masa ita, ku tambaye shi na ɗaya tukuna. A sauka lafiya.