Jawabin Magatakarda: Yaranmu da Makin Shiga Jami'a



Maganata kan yaranmu ce. Mai neman jami'a a Najeriya sai ya zauna JAMB: darussa 4, maki 400, Turanci dole. Kowane kwas da makinsa, na likitanci ya fi tsauri. Ga kuma kiredit 5 a WAEC ko NECO, har da Turanci. A Nijar kuwa BAC ce, sai yaro ya kai 10 cikin 20.

Ƙanena ya yi asarar shekara guda, domin ana gab da jarrabawa muka tura shi rakiyar kaya Maraɗi. Don Allah, lokacin jarrabawa a bar yaro da littafinsa. Kasuwa ba za ta gudu ba.