Likitan Da Ke Bin Sawun Sikila

A 1954 likita Anthony Allison ya wallafa bincikensa kan jinin yara a gabashin Afirka: mai ɗauke da ƙwayar gadon sikila (AS) ya fi jure zazzaɓin cizon sauro. Da hannunsa ya ɗebi jinin, da idonsa ya duba.

Irinsa, likita mai bincike, muke nema ruwa a jallo, domin Najeriya ce kan gaba a duniya wajen haihuwar masu sikila. Tun 1964 Amurka ke ɗaukar nauyin ɗalibai su haɗa likitanci da digirin digirgir. A nan kuwa, galibi sai an nemi digiri na biyu kafin a karɓi likita a karatun digirin digirgir, ga marasa lafiya jingim suna jiransa. Jami'o'inmu su rage masa aikin asibiti, su ba shi kuɗin bincike.