Idon Zakara: Magani a Ganye, Guba a Ƙwaya



Mun zaɓi yin magana a bana kan wani tsiro da kowannenmu ya yi wasa da shi yana yaro, wato idon zakara, mai yaɗo yana naɗe itatuwa a kurmi da bakin rafi. 'Ya'yansa jajaye ne jawur, kowace ƙwaya da ɗigon baƙi a kanta.

Iyayenmu sun san amfaninsa. Ganyensa yana da zaƙi, akan tauna shi ko a dafa a sha don tari, ciwon maƙogwaro da dishewar murya. A ƙasar Indiya kuwa, da ƙwayoyinsa maƙeran zinariya suka daɗe suna awo.

Sai dai kyawun ƙwayar nan kyawun ɗan maciji ne. A cikinta akwai wata guba da masana ke kira abirin, wadda ke hana ƙwayoyin halittar jiki ƙera furotin, har su mutu. Ɓawonta yana da tauri, shi ya sa wanda ya haɗiye ta sukutum yakan tsira. Amma idan aka tauna ta, ko aka daka, ko aka huda don yin sarƙa, gubar ta sami hanyar fita, kuma ƙwaya ɗaya tana iya zama ajalin yaro. A shekarar 2011 sai da aka janye awarwaron da aka yi da ita daga kasuwa a Ingila.

Abin tsoron shi ne alamun sukan yi jinkiri, daga 'yan sa'o'i har kwanaki. Daga nan sai amai, murɗar ciki da gudawa mai jini, hanta da ƙoda su jigata. Har yau gubar ba ta da makari, likita yana tallafa wa jiki ne da ƙarin ruwa da kulawa.

'Ya'yanku da aka haifa a birni ba su san tsiron nan ba, ga shi suna zuwa hutu gida. Ku nuna masu shi, ku gargaɗe su. Kada ku karɓi garin magani sai kun san abin da aka daka a ciki. Idan yaro ya tauna ƙwayar, kada a tsaya ɗura masa manja ko nono, a garzaya da shi asibiti tare da ragowar, ko da yana wasansa lafiya lau.

Rashin sani ya fi dare duhu. Allah ya raya mana zuriya, ya mayar da kowa gidansa lafiya.