Kada Mu Bar Su Su Yi Kukan 'Ya'yansu Su Kaɗai

Jawabin da aka yi wa dattawa da Zumuntar Mata a Tudun Wada, Gusau



A wajen rabon hatsi muka fara lura da abin da za mu yi magana a kai yau. Muna tambayar kowace mace yawan 'ya'yanta. Wata ta ce huɗu, amma biyu ne a gabanta. Ina sauran? Ta ce suna gidan ubansu tun da auren ya mutu. Ta taɓa zuwa ganinsu, sai babban ya ce mata an gaya musu ita ce ta gudu ta bar su, ya shige ɗaki. Yaron da ta goya ke nan. Mun kuma ga magidanci da matarsa ta kwashe yara zuwa garinsu lokacin da 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu. Yanzu ko ya buga waya, sai a ce yaran ba sa son magana da shi.

Wannan shi ne hure wa yaro kunne. Ba a rana ɗaya ake yinsa ba. Yau a ce, "Uwarka ba ta damu da kai ba." Gobe a ɓoye kayan Kirsimeti da ta aiko. Jibi kaka ko kishiya ta ƙara nata. Yaro kuwa ya san hannun da yake ba shi tuwo, dole ya bi bakin mai gidan. Wanda aka raba da ɗansa yana makoki, amma ba mai zuwa yi masa gaisuwa, gama ba a yi mutuwa ba.

Wani likitan ƙwaƙwalwa a Amurka, Richard Gardner, ya sa wa abin suna a 1985, ya ce ciwo ne. Masana da yawa ba su yarda da shi ba, kuma gardamarsu tana da amfani gare mu. Akwai yaron da yake gudun ubansa domin ya ga dukan da aka yi wa uwarsa, ko shi kansa ya sha. Wannan ba hure kunne ba ne, tsoro ne. Saboda haka kada dattijo ya ji daga baki ɗaya ya kama hannun yaro ya kai shi. A saurari yaron tukuna, shi kaɗai, a wurin wanda ya sake da shi, kamar malamar makarantar Lahadi.

Mun saba cewa ɗa na uba ne. Doka ba ta tsaya nan ba. Ga waɗanda suka yi auren rajista, dokar aure ta 1970 ta ce abin da zai amfani yaro shi ne kan gaba, kuma Babbar Kotu tana iya ba wanda bai sami riƙo ba izinin ganin ɗansa. Maƙwabtanmu Musulmi ma, a mazhabar Malikiyya, uwa ce take da riƙon namiji har ya balaga, mace har ta yi aure. To mu da muke karanta labarin Sarki Sulemanu da mata biyu, inda aka gane uwar gaskiya domin ta ƙi a raba jariri biyu, me ya sa muke raba namu?

Amma kotu tana da nisa da tsada ga mutumin ƙauye. Abin da yake kusa shi ne ikkilisiya. Faston wannan gari ya yi magana da faston wancan. A shirya uwa ta ga 'ya'yanta a gidan fasto ko bayan sujada, inda ba za a yi cacar baki ba. Idan hanya ba ta biyuwa, a tsai da rana da lokacin waya, dattijo yana zaune. In abin ya gagara, a je ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma kafin a kai ga alƙali.

Ku kuma da abin ya shafa, ga magana mai wuya. Kada ku rama. Ran da yaro ya zo, kada ku zagi ubansa ko uwarsa a gabansa, kada ku mai da shi ɗan rahoto. Ku ci gaba da biyan kuɗin makaranta ko da ba a gode ba, ku biya a hannun makaranta, ku ajiye rasit. Ku sami ɗan littafi ku riƙa rubuta ranar da kuka je da abin da kuka kai. Zai yi amfani a gaban dattawa, wata rana kuma yaron da kansa zai karanta.

Muna roƙon kowace Zumuntar Mata da ta Maza ta zaɓi mutum biyu masu riƙe asiri, su riƙa ziyartar irin waɗannan iyaye, musamman a makon Kirsimeti. Fastoci su kawo mana sunayen waɗanda aka zaɓa a taro mai zuwa.